Laifin Me Ba-Ruwanka Ya Yi Muku?

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, mutum huɗu suka yi sallama a ƙofar gidana a Damagaram: mai unguwa, na'ibin limamin masallacinmu, da dattawa biyu waɗanda muka daɗe muna haɗa sahu da su. Na shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo ruwa, aka gaisa aka tambayi iyali. Sai mai unguwa ya gyara zama ya ce, "Malam, jama'a ce ta aiko mu. Karen nan naka, a yi haƙuri a fitar da shi daga unguwa. In kai ba za ka iya ba, akwai samarin da za su iya."

Na san abin da ya kawo su. Kwana goma kafin nan mun binne wani yaro na ƙarshen layinmu, wanda cizon mahaukacin kare ya yi ajalinsa, kuma zan dawo kan wannan magana domin ita ce mafi nauyi. Wanda ake zancen korarsa kuwa yana kwance gindin dogon yaron da ke bayan zaure, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, yana ta kallon takalman da baƙin suka cire. Amsar da na ba dattawan, cikin ladabin da ya kamace su, ita ce a'a. Ga dalilaina, na rubuta su ne saboda na tabbata ba unguwarmu kaɗai ke da wannan ciwo ba.

Shekara bakwai da suka wuce, cikin tsananin bazara, ina dawowa daga aiki na iske yara biyar suna jan wani ɗan kwikwiyo da igiya a wuya. Damagaram gari ne da Allah ya hore wa duwatsu, saboda haka yaran ba su rasa abin jifa ba. Kunnensa ɗaya ya tsage, harshensa ya fito, ya daina ko kuka. Na tambaye su me ya yi musu, babban cikinsu ya dube ni kamar na tambayi abin da kowa ya sani, ya ce, "Baba, ai kare ne." Na ba su dala ashirin na fanshe shi. Ban yi niyyar kiwo ba, nufina in ba shi ruwa in sake shi. Ya sha, ya kwanta a kan ƙafata ya yi barci, kuma daga ranar bai sake neman wani gida ba.

Duk wanda ya shigo ya gan shi sai ya tambaya, "Me za ka yi da wannan abu?" Da tambayar ta yi yawa sai ƙanena ya raɗa masa Ba-Ruwanka. Dama Bahaushe ya saba aika saƙo ta sunan kare, ya kira karensa da ƙarfi don maƙwabci ya ji. Sunan ya bi shi, har yaran unguwa da ke jifarsa da shi suke kiransa.

Ja ne, siriri, da farin gashi a ƙirji da kunnen nan da bai sake miƙewa ba. Idan mutum ya gan shi tsaye bakin ƙofa da dare sai ya ɗauka zaki aka ajiye, alhali akwai wata kaza wake-wake a gidan da ta tsattsage shi a hanci yana ƙarami, har ta mutu bai daina ba ta hanya ba, kuma ƴaƴanta sun gaji wannan sarauta. Idan suka zo kan kwanonsa, ja da baya yake yi ya zauna yana kallona, wai in shiga tsakani. Tsawa ma haka. Da hadari ya taso daga gabas zai shige ƙarƙashin tsohon gadon ƙarfen da ke rumfa, ba mai fito da shi sai ruwa ya ɗauke.

Abincinsa abin da muka ci ne: ragowar tuwon hatsi da miyar kuka, jiƙaƙƙen ƙanzo, ƙashi ranar da aka samu nama. Ƙuli-ƙuli ne rauninsa, don shi kaɗai yake tsayawa da ƙafa biyu. Yana da wata kunya da ban taɓa gani ga dabba ba, ba ya cin abinci ana kallonsa, sai ka juya baya. Da rana ta take, zai je gefen randa inda ƙasa ke da laima ya tona ɗan rami daidai cikinsa ya kwanta. Uwargida ta cike ramin nan ya fi sau ɗari, daga baya ta haƙura ta matsar da randar ta bar masa wurin.

Haushinsa iri uku ne, kuma duk gidan mun iya fassara su. Akwai gajere guda ɗaya, ma'anarsa wanda muka sani ne a ƙofa. Akwai mai maimaituwa, na baƙon da bai sani ba. Akwai kuma wani gurnani can ƙasan maƙogwaro wanda ban ji shi ya fi sau huɗu ba a shekara bakwai, ɗaya daga ciki daren da kububuwa ta biyo gindin katanga zuwa tabarmar da yara ke kwance a tsakar gida. Almajiran da suka saba zuwa karɓar abinci ba ya ko ɗaga musu kai. Cikin duk baburan kabu-kabu da ke wucewa a layinmu ya san ƙarar nawa tun daga kwana, har uwargida ta mai da shi agogo: in ya tashi ya nufi zaure, sai ta sauke tukunya.

Da kiran sallar farko na asuba yake miƙewa ya yi miƙa, ya raka ni har wata falwayar lantarki da ke nesa da masallaci kamar taku arba'in. Nan yake tsayawa. Ba wanda ya koya masa, sau ɗaya na ce masa "tsaya nan" yana ƙarami, ya riƙe. Sai an sallame na fito mu dawo tare.

Inna, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ita ta fi kowa ƙin zamansa. Ranar farko ta ja layi da sandarta a ƙasa tsakanin rumfa da ɗakuna ta ce, "Wancan abu kada ya tsallake nan." Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kullum "wancan". Shi kuma bai taɓa tsallake layin ba, har yau bai san cikin ɗaki ko ɗaya na gidan ba. Da ta rasu shekara biyu da suka wuce, ya je daidai kan layin, saitin ƙofarta, ya kwanta kwana uku bai ci komai ba. A lokacin ne autata ta gaya mani cewa kullum da azahar, in ba kowa, Inna takan zuba masa sauran furarta a wani tsohon kasko tana cewa, "Ungo, kai ma Allah ya yi ka." Tsohuwar nan ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ta raba abu biyu da malamai da yawa a yau suka kasa rabawa: ƙin cuɗanya da kare daban, zaluntarsa daban.

Aibinsa babba guda ne, satar takalmi. Ƙafa ɗaya yake ɗauka, ba ya taunawa, gindin dogon yaro yake kai shi ya kwanta kusa da shi. Kuma ba na kowa yake ɗauka ba, sai na wanda ya kwanta masa a rai. Ranar da dattawan nan suka miƙe za su tafi, aka nemi takalmin na'ibi na hagu aka rasa. Na je na ɗauko ina ba da haƙuri. Na'ibi ya riƙe shi da ƴan yatsu biyu ya ce, "To ka gani. Yanzu sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa." Na ce, "Allah gafarta Malam, a wace mazhaba?" Ya yi shiru, ni ma na yi shiru, domin ba a ja da malami gaban jama'a. Amma takarda ba zaure ba ce, a nan zan ƙarasa.

Mu mutanen wannan yanki, daga Agadas har Kano, Malikawa ne tun kakanni. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Iziyya ya wuce babin tsarki, ya ji cewa a mazhabar Imamu Malik kowane mai rai tsarkakakke ne, haka guminsa da yawunsa da hawayensa. Muhtasar na Shehu Halil ma a kan haka yake, kuma masu sharhinsa sun bayyana cewa kare yana ciki. Hadisin wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a cikinta ingantacce ne, Malikawa ba su ƙaryata shi ba. Sun ɗauke shi umarni ne na bauta da ake bi ba don najasa ba, kuma a kan mazubin ruwa yake, ban da tufa da takalmi. An ruwaito a Mudawwana cewa Malik da kansa ya yi mamakin yadda za a halatta cin abin da kare ya kamo da bakinsa, sannan a ƙyamaci yawunsa. Halaccin nan kuwa yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 4, inda aka yi maganar dabbobin farauta da aka horar. Shafi'awa da Hambalawa suna ganin kare najasa ne, Hanafawa suna ganin yawunsa ne najasa ban da jikinsa. Ra'ayoyi ne na manyan malamai, ina girmama su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya yi alwala irin ta Malikawa, ya raba gado irin na Malikawa, sai an zo kan kare ya ari fatawar wata mazhaba ya ce ita kaɗai ce Musulunci. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ba zan ɓoye hujjojin da ke kaina ba. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗin raguwar lada kullum ga wanda ya ajiye kare, in ba na farauta ko kiwo ko gona ba. Ya tabbata kuma cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta muna samari, ta hana ajiye kare a gidaje sai don waɗannan dalilai. To amma masu sharhin Risalar ne da kansu suka kawo labarin cewa marubucinta, wanda ya rasu a Ƙairawan a shekara ta 386 bayan hijira, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoron maƙiya, kare ya ajiye. Da aka tuna masa ra'ayin Malik, ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Imamu Nawawi, wanda Bashafi'e ne, ya rinjayar da halaccin kare don gadin gida, bisa ƙiyasi da ukun da aka ambata. Game da mala'iku, Haɗɗabi ya ce hukuncin bai shafi karen da aka halatta ajiyewa ba, Nawawi ya ce ya shafi kowane. Saɓani ne, shi ya sa na bar layin da Inna ta ja yana nan. Ɗakunan da muke salla da barci ba kare a cikinsu. Wanda ya ga barin kare gaba ɗaya ya fi masa tsentseni, ya yi daidai, ba ni da ta cewa.

Amma a nuna mani inda ɗaya daga cikin malaman nan ya ce a jefi kare da dutse, ko a watsa masa tafasasshen ruwa, ko a ɗaure kwikwiyo a ja shi a ƙasa har ya mutu. Abin da Buhari da Muslim suka ruwaito shi ne labarin mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa, ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Sun ruwaito irinsa game da wata karuwa daga Bani Isra'ila. Mu mutanen Damagaram da muka san darajar jarka ɗaya ta ruwa a watan Afrilu, mu ya fi kamata mu gane girman wannan aiki. Buhari ya kawo daga Abdullahi ɗan Umar cewa a zamanin Annabi karnuka sukan shiga masallaci su fita, ba a bin sawunsu da yayyafa ruwa. Umarnin kashe karnuka da aka taɓa bayarwa a Madina an janye shi daga baya, kamar yadda ya zo a Muslim, aka bar izinin kashe mai cizon mutane. Kuma a ranar Juma'ar da aka zo korar karena, mutane nawa ne a unguwar suka karanta Suratul Kahfi da safe, suka wuce ta kan karen samarin kogo yana shimfiɗe da ƙafafunsa a bakin ƙofa, ba su tsaya sun yi tunani ba? Tun a Bagadaza, fiye da shekara dubu da suka wuce, wani malami mai suna Ibnul Marzuban ya wallafa littafi sukutum a kan fifikon karnuka bisa da yawa daga masu sa tufafi. Da a unguwarmu ya rubuta shi, da an aika masa mai unguwa.

Yanzu maganar yaron. Shekararsa tara. Wani kare da ba a san mai shi ba ya cije shi a ƙwauri kusa da juji, ya gudu. Ciwon ƙarami ne, aka shafa masa magani na gida aka ɗaure, ya warke cikin mako guda, kowa ya manta. Bayan wata biyu zazzaɓi ya kama shi, ya fara firgita, ya kai in an miƙo masa ruwa sai maƙogwaronsa ya shaƙe. Da aka kai shi likita an riga an makara. Na je jana'izarsa, na ga mahaifinsa, kuma ba ni da bakin da zan ce wa mutumin nan kada ya tsani kare. Ba iyayen nake zargi ba, abin da suka sani suka yi. Mu da muka yi lakwal muka san abin da ya kamata, ba mu taɓa faɗa a masallaci ko wurin suna ba, mu ne abin zargi.

Abin da ya biyo baya shi ne samari suka ɗauki sanduna da gorori suka bi lungu-lungu kwana uku. Wasu suka zuba guba a nama suka ajiye a juji. Karnuka sun mutu, kyanwoyi sun mutu, har ungulu muka tsinta a ƙasa, a jujin da ƙananan yara ke tone-tone kullum. Kowa ya ji an yi wani abu. To me aka yi?

Ga abin da masana suka tabbatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana shiga ta yawu, ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, abin da yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Idan alamu suka bayyana, kusan ba mai tsira. Amma kafin su bayyana akwai mafita, kuma tsohuwar mafita ce, tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allurarta a Faransa ya rayu. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a kai shi likita a ranar a fara masa allurai, ko da ciwon ɗan ƙarami ne. Idan an san karen, a tsare shi kwana 10 ana lura da shi. Da mutum ɗaya ya faɗi wannan a layinmu wata uku da suka wuce, wataƙila da yaron yana lakwal yau. Ajali na Allah ne, amma Allah ɗin ne ya umarce mu da neman magani.

Game da kisan karnuka barkatai, hukumar nan ta daɗe tana cewa ba ya kawar da cutar. Dalilin a fili yake. Wanda sanda ke samu shi ne karen da ya saba da mutane, mai tsayawa in an kira shi, wanda kuma shi ne mai sauƙin yi wa allura. Na jeji mai gudun mutane ya tsere. Juji yana nan, abinci yana nan, cikin ƴan watanni wasu karnukan da ba a san lafiyarsu ba za su cike gurbin. Abin da ke aiki shi ne a yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, sai cutar ta rasa hanyar tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Kada a ce sai ƙasar Turawa. A Injamena ta Chadi, nan maƙwabtanmu, an yi gangamin allurar karnuka a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, cutar ta ɗauke tsawon watanni har sai da karnukan wajen gari suka sake shigo da ita. Mekziko ta dage da irin wannan aiki shekara da shekaru, a 2019 aka tabbatar ta raba mutanenta da haukan da ake ɗauka daga kare.

A duk layinmu, kare ɗaya ne ke da takardar allura, kuma shi ne aka zo a ce in kora. Kowace shekara nakan kai shi wurin likitan dabbobi, kuɗin bai kai abin da nake zubawa a katin waya ba. Tun da ya girma, baƙon kare bai kwana a ƙofar gidajenmu ba, shi ke korarsu. A fitar da shi yau, gobe a ga wa zai maye wurin.

Ni a ganina tsoron cuta da hujjar addini duk riguna ne da muka sa wa wata tsohuwar ɗabi'a. A saurari bakinmu. Wanda muka raina ɗan kare ne. Yaron da ke wahala a bayan babbar mota karen mota ne. Ɗan barandan azzalumi karen farauta ne. Wanda ke ɓarna ba mai tsawata masa yana cin karensa ba babbaka. Mun tara duk ƙasƙanci mun ɗora wa dabbar da ke kwana a waje don mu yi barci. Yaro yana tashi yana ganin babba ya sunkuya ya ɗauki dutse da zarar ya hangi kare, ba tare da karen ya yi komai ba. Darasin da yake ɗauka ya wuce kare: akwai mai rai da ya halatta a azabtar don kawai an raina shi. Yaron da ya ce mani "ai kare ne" yana da shekara goma, wa ya san wa zai kira kare in ya kai talatin? Mun ga yadda ake bin mahaukaci da jifa a titi, da yadda ake taruwa a kan wanda aka yi wa ihun ɓarawo kafin a tambayi me ya sata. Hannun da ya saba ba ya tambaya.

Kuma wannan ƙyama ba ta dukan Musulmin ƙasar nan ba ce. A tafi arewacin Tawa, yankin Azawak, a ga yadda Abzinawa da Fulani makiyaya ke zaune da dogayen karnukansu masu gudun iska, suna tsare musu garke da zango, suna ba su nono daga abin da su ma suke sha. Su ba sa salla ne? Tun shekarun 1970 aka fara kai irin karen nan Turai, a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin nau'o'in da ta amince da su, da sunan yankin namu. Mafarautan ƙauyukanmu ma sun san karen bana shi ke maganin zomon bana, ba su taɓa jin kunyar karnukansu ba. Mu ƴan birni ne muka ƙirƙiro tsoron Allah da ake nunawa da dutse.

Masu karnuka kuma kada su ɗauka na wanke su. Mafi yawan karnukan da ake kira na juji suna da iyayen gida, waɗanda suka karɓo kwikwiyo don yara su yi wasa, da ya girma suka bar shi ya nemi na kansa. Wanda ya ajiye kare bai ciyar da shi ba, bai yi masa allura ba, ya sake shi yana tsorata matan unguwa da masu zuwa asuba, shi ne ya jawo mana wannan baƙin jini, kuma in karensa ya ciji ɗan mutane, alhaki a wuyansa yake. Haka wanda ya ɗaure kare da sarƙa taku biyu a rana tsaka ba ruwa, wai don ya yi zafi. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha bai tsaya kan kyanwa ba. Akwai kuma masu kuɗin da ke sayo karnukan waje suna ba su naman gwangwani, alhali maigadin da ke wanke karen bai karya kumallo ba. Wannan ma zalunci ne, an dai sauya wanda ake yi wa. Ni ban ce kare ɗa ne ba, ban sa masa riga ba, ba ya hawa tabarmata. Kare ne, kuma haƙƙin kare nake nema masa: ruwa, abinci, inuwa, allura, da kada a cuce shi ba laifi.

Kafin dattawan su tafi na ɗauko takardar allurarsa na nuna musu, na kuma yi alƙawari biyu. Daga ranar ba zai sake fita ba sai da igiya a hannuna, ko rakiyar asuba ce. Sannan na ce in mai unguwa ya yarda, a kira likitan dabbobi rana ɗaya a tara duk karen da ke da mai shi a yi masa allura, ni zan biya na gida biyar. Na roƙi na'ibi ya ware minti biyar bayan sallar magariba ya gaya wa jama'a maganar ruwa da sabulu da zuwa likita, domin maganarsa ta fi tawa shiga. Mai unguwa ya ce za a duba. Na'ibi bai ce komai ba, ya sa takalminsa bai wanke ba, ya fita.

An yi wata guda ke nan. Ba a kira likitan ba tukuna, kuma sau biyu ina tsintar nama da ban san wanda ya jefo shi ta kan katanga ba, shi ya sa yanzu nake zagaya tsakar gida da fitila kafin in kwance Ba-Ruwanka da dare. Amma ranar Talatar da ta wuce, bayan magariba, na'ibi ya miƙe ya ce jama'a a ɗan dakata, ya yi maganar minti 15 da sabulu, ya ce duk wanda kare ya ciza a kai shi likita a ranar. Bai ambaci sunana ba, ban kuma so ya ambata ba. Saura maganar allura, kuma gobe in Allah ya kai mu zan sake komawa wurin mai unguwa.